Gefen Takarda

Duk wanda ya kalli darussan da Malam Sintiri ya naɗa a farkon zangon nan zai ga dattijo mai furfura a gemu, sanye da farar riga, da labule ruwan toka a bayansa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne hannunsa na dama. Da ya kai ƙarshen wani bayani, sai ya murza babban yatsa da manuni sau biyu, ya ɗan hura su, sannan ya ci gaba. Ƙurar alli yake karkaɗewa. Alhali rabonsa da riƙe alli an yi makonni.

Shekara ashirin da tara ya yi yana koyar da lissafi a makarantar manya, irin wadda ma'aikata ke zuwa bayan an tashi daga aiki don su gyara jarrabawar da ta ka da su tun suna samari da 'yan mata. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Sintiri, don ba ya tsayawa a gaban allo. Zai rubuta tambaya ɗaya, ya goya hannuwansa a baya, ya shiga tsakanin bencina yana kai da komowa kamar mai gadin kasuwa. Ya sha gaya wa sababbin malamai cewa a ajin lissafi ba a tambayar fuska labarin zuciya. Ka ce "Kun gane?" kai arba'in su gyaɗa a tare, talatin daga ciki ƙarya suke yi. Ƙeya ce ba ta iya ƙarya ba. Ƙeya, da kafaɗa, da biron da ya tsaya cak a tsakiyar layi. In ya ga haka sai ya tsaya a bayan mutum, ya ɗora yatsa daidai inda aka saki hanya. Daga nan ya jefa 'yar zolaya: wannan Sarkin Latti, wancan Mai Gyangyaɗi, waccan Uwar Soke-soke. A yi dariya, wanda aka zolaya ma ya dara, dariyar ta fice ta taga, kafin gobe an manta.

Sai gari ya faɗaɗa, hanyoyi suka cushe, ɗalibai suka riƙa isowa ana shirin tashi. Makaranta ta mayar da ajujuwan yamma kan intanet. Aka ba kowane malami kwamfuta da horon kwana uku. Talata da Alhamis da ƙarfe biyar ake haɗuwa kai tsaye. Ranar Asabar kuma kowane ɗalibi ya yi jingar mako a takarda, ya ɗauke ta hoto da waya, ya tura a guruf ɗin aji kafin ƙarfe huɗu.

A gidan Malam wuri ɗaya ne hayaniyar titi ba ta kaiwa, ɗakin ajiya na can ƙurya. Tebur ya ƙi shiga ta ƙofarsa, don haka ya kifa tsohon gadon jariri da 'ya'yansa huɗu suka kwanta a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora masa wani ƙyauren da aka cire shekarun baya. Uwargidansa, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa ta rataya labule, ya rufe akwatuna da matacciyar fanka da wani keke marar tayar gaba. A fuskar kwamfuta sai ka rantse ofis ne.

Ajin kuwa ba wani abu ba ne illa baƙaƙen akwatuna jere, kowanne da suna a ƙarƙashinsa. Kowa ya kashe kyamara don kada data ta ƙare, kowa ya rufe muryarsa don kada a ji gidansa. Malam zai yi bayani na minti goma ya tsaya.

"Kuna ji na?"

Can sai wani ya rubuta: "Muna ji Malam." Kullum mutum ɗaya ne, kuma ko shi ba tabbas yana ji.

Wata Alhamis da ya fito, uwargida na zaune a tsakar gida tana yanke farce.

"Malam, wai da wa kake ta ɗaga murya a ɗakin nan?"

"Da ɗalibai mana."

"Na leƙa ban ga kowa ba sai kai da labule. Ni fa shekara talatin na yi a asibiti, na san yadda abin nan yake farawa."

"In ya kama ni ai ke za ki yi jinya."

"Na yi ritaya. Ka nemi wata."

A mako na uku shugabar sashe ta kira shi ofis. Ɗalibarsa ce ta shekara goma sha takwas da suka wuce, wadda ya sa wa suna Mai Tambayar Ƙarshe don ba ta ɗaga hannu sai an kaɗa ƙararrawa. Yanzu tana da kujera mai juyawa da wata shukar tukunya da ke mutuwa a hankali a bakin taga.

"Zauna mana, Malam."

"Ranki ya daɗe, ai na ƙasa ba ya zama sai an ba shi izini."

"Don Allah Malam ka daina, kunya kake ba ni."

Ta juyo masa da takarda. Mutum arba'in da takwas suka yi rajista a ajinsa. Masu turo jinga goma sha bakwai. Ƙa'idar ba tata ba ce, daga sama ta zo: duk ajin da ya kai Asabar ta mako na takwas masu turo aiki ba su kai rabi ba, za a rushe shi, a haɗe ɗaliban da wani aji, malamin kuma a mayar da shi ɗakin fayil. Saura shekara biyu Malam ya yi ritaya. Ya san ɗakin fayil. Ba taga, ba allo, sai kabad-kabad na ƙarfe da warin tsohuwar takarda.

"Ashirin da huɗu ke nan," in ji shi.

"Ashirin da huɗu. Ba wai koyarwarka ce da matsala ba, ni shaida ce. Abin da ake so su ji akwai mutum a bayan na'urar nan. Ka riƙa kallon kyamara, ka yi murmushi, ka kira sunayensu."

"Sunaye ina da su, 'yata. Mutanen ne babu."

Duk da haka ya gwada. Uwargida ta yanko filasta, ta zana masa idanu biyu da biro, ta manna kusa da kyamara don ya san inda zai kalla. Ya yi murmushi har kumatunsa suka gaji. Ya kira sunaye daga rajista ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran marasa lafiya a layin ganin likita. Asabar ta mako na huɗu hotuna goma sha shida suka shigo.

A safiyar wannan Asabar ɗin, yana duba su da shayinsa a gefe, yatsansa ya goce ya buɗe wani hoto ya cika fuskar kwamfutar. Lissafin bai da wani abin kallo. Amma a kusurwar takardar akwai babban yatsan da ya danne ta, da baƙin mai a ƙarƙashin farcen, takardar kuma a kan sitiyarin mota take. Ya koma hoton baya. Wannan a kan buhun siminti aka ɗora ta, har garin ya taɓa gefenta. Na gaba a kan cinya, ga wani ɗan ƙaramin hannu yana jan kusurwar. Wata a kan kantar shago kusa da sikeli. Wata a kan matakalar bene, da inuwar mai ɗaukar hoton ta faɗo a kai, doguwa siririya.

Mahaifin Malam kafinta ne, kuma abu ɗaya da ya bar masa shi ne cewa ba a sayen katako da kallon fuskarsa, gefensa ake dubawa. Makonni huɗu yana duba tsakiyar takardun nan yana rubuta "daidai" da "sake gwadawa". Bai taɓa duba gefe ba.

Ya ajiye rubutu, ya danna wurin naɗar murya, ya tura a guruf inda kowa zai ji, kamar yadda ake magana a aji.

"Mai Sitiyari, sannu da hanya. Tambaya ta uku ka taka birki da wuri, saura layi ɗaya ka isa tasha. Koma ka ƙarasa."

"Mai Siminti, gininka ya miƙe, amma tubalin ƙasa ya karkace. Duba inda ka ninka bakwai da takwas."

"Maman Mai Jan Takarda, ki gaishe min da mataimakinki. Duk kin ci, sai ta ƙarshe, kuma ina zargin shi ya yi ta."

Ba a yi minti biyar ba waya ta fara ƙara. Direban ne ya fara, da wata murya mai kauri da ƙarar hon a bayanta.

"Kai! Malam, ashe kana ganinmu? Wallahi na zaci na'ura ce ke duba aikin nan. To birkin nawa ne ya saba kamawa da kansa."

Maman ta turo dariya, da hoton mataimakin nata yana cin kusurwar littafi. Waɗanda ba su turo komai ba tun mako na farko suka fara leƙowa. Wani ya tambaya ko shi wane suna za a ba shi. Malam ya ce sai ya ga takardarsa tukuna. Asabar ta biyar hotuna ashirin da biyu suka shigo. Ranar Talata da ya ce "Kuna ji na?" muryoyi shida suka amsa a tare, har sai da ya ce a yi ɗaya-ɗaya. Ya fito daga ɗakin ajiya yana 'yar waƙa a maƙogwaro.

"Yau akwatunan sun amsa ke nan," in ji uwargida.

"Har musu suka yi da ni."

"To Allah ya sa ba ciwon ne ya yi gaba ba."

A cikin ɗaliban akwai wata da ba ta taɓa fashin jinga ba tun farko. Ita ce ke fara turowa, ƙarfe shida da rabi na safiyar kowace Asabar. Rubutunta ƙanana ne a tsaye, takardarta ba lanƙwasa ko ɗaya. Ba ta magana a guruf. Malam ya daɗe yana neman abin da zai kama a hotonta bai samu ba, don kullum a kan wani farin ƙyalle take ɗora takardar. A Asabar ta shida ta ɗan ja wayar baya. Sai ga tabon ƙuna ruwan ƙasa a jikin ƙyallen, da siffar dutsen guga sak, ga igiyar lantarki ta ratsa kusurwa, ga zannuwan gado farare a ninke sun yi tsiri a bayan tebur. A layi na huɗu kuma ta haɗa sulusi da rubu'i ta samu biyu bisa bakwai.

Ran nan hotuna ashirin da takwas ne suka shigo, Malam na cikin nishaɗi.

"Mai Guga, sannu da aiki. Takardarki ta fi ta kowa santsi, ko ita ma sai da kika bi ta da dutse? Amma layi na huɗu ya ƙone kamar ƙyallen teburin nan naki. Ba a haɗa na ƙasa da na ƙasa. Nemo lambar da uku da huɗu duk za su shiga cikinta."

Ya tura, ya bar wayar a caji, ya tafi aski.

Da ya dawo bayan awa biyu ya tarar da saƙo casa'in da wani abu. Direba ne a gaba.

"A'a! Ashe Hajiyar ofis tamu ce! Ina da riguna uku da wando, yaushe zan kawo?"

Wani ya turo hoton dutsen guga. Wata ta turo na kwando cike da wanki. Wani kuma ya tono wani tsohon saƙo na makon farko, lokacin da aka ce kowa ya gabatar da kansa, ya dawo da shi ƙasa inda kowa zai sake saurara. Malam bai taɓa jin saƙonnin nan ba, don a makon farko kokawa yake da kwamfuta. Ya danna. Muryar mace ce, a hankali, kamar mai karanta abin da ta rubuta: tana aiki a ofishin wani otal, tana son ta gyara lissafinta don ta ci gaba da karatu. A ƙarƙashin duk wannan hayaniyar akwai ɗan layi guda da ke nuna ta fice daga guruf.

Ya goge saƙonsa, amma magana zarar bunu ce. Ya kira lambarta sau biyu ba a ɗauka ba. Ranar Talata ya buɗe aji da faɗa. Ya ce su manya ne, wasu da 'ya'ya, bai kamata su mayar da guruf ɗin karatu dandalin shaƙiyanci ba, kuma sana'a ba abin dariya ba ce. Ya yi minti goma sha biyar a kai. Da ya tambaya ko suna jin sa, aka rubuta "Muna ji Malam."

Asabar ta bakwai hotuna goma sha tara suka shigo. Ya buɗe na farko, fari fat. An yanke hoton daidai bakin takarda, ba yatsa, ba tebur, ba inuwa. Na biyu haka. Na uku haka. Mai Siminti bai turo ba sam. Mai kantar shago ma haka. Direba kaɗai ya bar sitiyarinsa.

Ya fito da wayar a hannu ya samu uwargida tana shanya.

"Duba min nan. Na yi musu faɗa a kan abin da suka yi wa yarinyar nan, shi ne suka yi fushi."

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta ɗan nisanta wayar daga idonta. Ta daɗe tana ja sama da ƙasa.

"Su suka yi mata?"

"To wa? Ba ki ga abin da direban nan ya rubuta ba?"

"Direba ya ga hoton tun da safe bai ga komai ba. Wa ya nuna masa?"

Malam ya dubi wayar da ke hannunta.

"Ka ga, mu a asibiti muna ganin komai na mutum, har abin da matarsa ba ta taɓa gani ba. Aikin ne ya ba mu ido. Amma ba a faɗa a baranda." Ta miƙa masa wayar. "A ajinka na da, in ka yi zolaya iska ke kwashe ta. Wannan kuwa a aljihun mutum arba'in take kwana. Ba fushi suka yi ba, Malam. Sutura suka ja."

"Shekara ashirin da tara ina zolayar ɗalibai."

"A ajinka. Su suke zuwa wurinka, da rigar da suka zaɓa. Miƙo min wancan zanen."

Ya miƙa mata. Ya koma ɗakin ajiya ya nemo saƙonnin makon farko, guda talatin da ɗaya, ya saurare su duka a jere. Mai Siminti cewa ya yi yana kula da ma'aikata a wani kamfanin gini. Mai kantar shago ya ce ɗan kasuwa ne. Wani ya ce yana hutun aiki. Wata ba ta faɗi komai game da kanta ba sai sunanta da gaisuwa. Malam ya lura kusan kowa ya ɗan ƙara wa kansa tsawo, kamar yadda mutum ke miƙe wuya in za a ɗauke shi hoto. Ya ɗaga kai ya dubi labulen da ke bayansa a fuskar kwamfutar.

Ranar Talata ta mako na takwas mutum ashirin da ɗaya suka shigo aji. Bai fara da lissafi ba.

"Kafin mu shiga darasi, akwai gyara. Faɗan da na yi muku makon jiya, ni ya kamata a yi wa. Kun turo min lissafi, ni kuma na bi ta gefen takarda na shiga gidajenku da wuraren aikinku ban yi sallama ba. Na fito kuma na ba da labari a bainar jama'a. Wannan ba koyarwa ba ce. Daga yau gyaran kowa zai je masa shi kaɗai, kuma ba wanda zan kira da sunan da bai ba ni da bakinsa ba. Tunda kuma na ga naku, ga nawa."

Ya tashi ya ja labulen. Igiyar ta tsinke daga ƙusa ɗaya, labulen ya zube a kan akwatuna, ƙura ta tashi. Ya yi atishawa sau uku. Ya ɗaga kwamfutar ya zagaya da ita a hankali: fanka, keke, kwalayen tsofaffin takardun jarrabawa, buhun da ba wanda ya tuna abin da ke cikinsa. Ya sunkuyar da ita ta nuna ƙyauren da ƙafafun gadon jariri a ƙarƙashinsa.

"Wannan shi ne ofishin."

Sai ɗaya daga cikin baƙaƙen akwatunan ya yi haske. Wani ƙaton mutum ne mai sanƙo a cikin mota, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya cika wurin.

"Malam, keken nan fa? In ba ka so ni ina da tayar gaba."

Wani ya yi dariya ya manta bai rufe muryarsa ba.

"A'a, tsakani da Allah," in ji direban, ya shafa sanƙonsa. "Ni ma bakina ya fi birkina gudu. In akwai mai lambar baiwar Allah nan, a ce mata direba ya ce ta yi haƙuri. Ni kuma a bar min Mai Sitiyarina, na saba da shi."

Kyamara uku ko huɗu suka buɗe na ɗan lokaci. Wata mata a kicin ta ɗaga hannu, wani saurayi a ƙarƙashin bene ya gyaɗa kai, suka sake rufewa. Sauran suka zauna baƙi yadda suke. Malam ya gyara zama ya ce a buɗe shafi na sittin.

Ita ba ta cikin ajin. Bayan an tashi ya naɗa mata saƙo, ya goge, ya sake naɗawa, har sau huɗu. Wanda ya tura gajere ne. Ya kira ta da sunanta na rajista.

"Malaminku na lissafi ne. Na faɗi abin da ba hurumina ba ne, ki yafe ni. Jingar wannan makon tana shafi na sittin da biyu. In kin ga dama ki turo min ni kaɗai."

Washegari alama ta nuna an saurara. Ba amsa.

Asabar ta takwas ya shiga ɗakin ajiya tun ƙarfe shida. Shida da rabi ta yi ta wuce, ba abin da ya shigo. Na farko sai bakwai saura, na Maman Mai Jan Takarda, wadda ta rubuto cewa ita ma a bar mata sunanta, mataimakin ya amince. Duk hoton da ya shigo sai Malam ya ja layi ɗaya da fensir a jikin ƙyauren, ya duba aikin, ya naɗa wa mai shi amsa shi kaɗai. Hakan ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba. Yawancin hotunan a yanke suke. Ya ga dole ya koma cikin takardar ya nemi mutum a can: inda biro ya nutse don an danna da ƙarfi, inda aka soke amsa daidai aka rubuta kuskure, inda rubutu ya fara manya ya ƙare ƙanana don an gaji. "Amsarka ta farko ita ce daidai," ya ce wa wani. "Me ya sa ba ka yarda da kanka ba?"

Da azahar layuka goma sha takwas ne a jikin ƙyauren. Uwargida ta leƙo da faranti ta ajiye a kan akwati.

"Nawa?"

"Sha takwas."

"Ci abinci. Ɗakin fayil ma sai da ƙarfi."

Ƙarfe uku suka kai ashirin da biyu. Mai Siminti ya turo nasa uku da kwata, a yanke, ba gaisuwa. Wasu biyu suka shigo kusan tare, huɗu saura minti goma. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci shugabar sashe ta kira.

"Malam, ashirin da biyar nake gani a nan."

"Ni ma haka na ƙirga, ranki ya daɗe."

"Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Ajinka na nan. Amma wai me ka yi ne? Na ga ka hau ashirin da takwas, ka faɗo, ka sake tashi. In akwai dabara ka zo ka koya wa sauran malamai."

"Har yanzu ba ki daina tambaya bayan an kaɗa ƙararrawa ba?"

Ta yi dariya ta ce sai Litinin.

Biyar saura ashirin, bayan an rufe ƙirga, wayar ta sake ƙara. Hoto ɗaya ne, an turo masa shi kaɗai. An yanke shi sosai har kan layin farko ya ɗan gutsure. Rubutun ƙanana ne a tsaye. Ya bi shi layi-layi da bakin fensir a kan gilashin wayar. Ta nemo sha biyu, ta mayar da sulusi huɗu bisa sha biyu, rubu'i uku bisa sha biyu, ta samu bakwai bisa sha biyu. Tambaya tara daidai. A ta goma ta manta ba ta rage amsar zuwa ƙaramar siffarta ba.

Ya danna wurin naɗar murya.

"Tara cikin goma. Ta ƙarshe, shida bisa takwas, duba ko biyu za ta shiga sama da ƙasa. Darasin Talata ƙarfe biyar ne."

Bayan minti biyu ta rubuto: "To Malam."

Ya rufe kwamfutar ya ɗauki farantin ya kai kicin. Uwargida ta ce masa famfon bayan gida ya sake ɗiga tun safe. Ya nemo filaya da ɗan guntun roba a cikin kwalin kayan aiki, ya naɗe hannun riga, ya tafi ya duba.